Ƙodar Ɗan Tayi a Hoton Ciki

Cikin shekarar 1958 ne wani likita na birnin Glasgo a ƙasar Sikotilan, Ian Donald, da abokan aikinsa biyu suka bayyana dabarar leƙa cikin mutum da amo. Asalin na'urar ta masu neman tsaga a jikin ƙarfe ce. Takan aika da wani siririn sauti wanda kunne ba ya ji, ya bugi abin da ke ciki, ya komo kamar amsa-kuwwa, sa'an nan a mai da shi hoto. Ita ce yau mata ke kira sikanin.

Da yawa sukan je ne don su ji ko namiji ne ko mace. Amma tambayar da ta fi wannan amfani ita ce, ina labarin ƙodarsa?

Ga dalili. Tun ciki bai cika wata uku ba ƙodar ɗan tayi ke soma aiki, kuma daga tsakiyar ciki zuwa haihuwa yawancin ruwan da yake kwance a ciki fitsarinsa ne. Kada wannan ya ba kowa ƙyama, gama da ruwan nan ne huhunsa ke girma. Wata likita a Amurka, Edith Potter, ta bayyana a 1946 cewa jariran da aka haifa ba ƙoda ko ɗaya huhunsu ma ba ya ƙosawa. Saboda haka in mai duba ya ga ƙoda biyu, ga mafitsara tana cika, ga ruwa isasshe, to, alama ce mai kyau ƙwarai.

Abin da ya fi tayar wa iyaye hankali shi ne a ce ƙodar ta kumbura. A tsakiyar kowace ƙoda akwai wani ɗan mazurari inda fitsari ke taruwa kafin ya gangara. A hoto yakan fito baƙi, domin ruwa ba ya mai da amo. A Ingila, inda ake duba mai ciki wajen mako na 20, in fāɗinsa ya wuce milimita 7 sai a sake dubawa. Ana samun haka a ciki ɗaya ko biyu cikin ɗari, mafi yawa kuwa yakan warware da kansa. Bai kamata likita ya jefa wa uwa kalmar kumburi ya sallame ta ba tare da wannan bayani ba.

Amma fa ba duka ke warwarewa ba. In ƙodar duka biyu ne, mafitsara ta yi girma, ruwa kuma ya ragu, watakila wata 'yar fata ce ta tare hanyar fitsari, abin da ke samun 'ya'ya maza kaɗai. A nan kam sanin namiji ne ya yi rana.

Babban kuskure shi ne a haifi yaro kyakkyawa, a sha suna, a manta da takardar asibiti. Lalle a koma a yi wa jaririn hoto. Galibi akan jinkirta har ya kwana biyu ko fiye, domin a farkon haihuwa fitsarinsa kaɗan ne, hoton yana iya ruɗin mai duba. In kuwa irin yaron nan ya yi zazzaɓi, sai a gaya wa likita abin da aka gani tun yana ciki, a auna fitsarinsa.