Ra'ayi: Yaron da hadda ta kuɓuce wa, ƙi ya yi ko kasawa?

Duk wanda ya zauna a aji, na boko ko na allo, ya san wannan yanayi. Malam ya tayar da yaro ya kawo haddar jiya, yaro ya yi tsuru-tsuru, sai bulala ta biyo baya. A ganin malam, yaron ƙi ya yi. To ƙin ya yi, ko kuwa karatun ne ya kuɓuce masa? Irin wannan tambaya ta daɗe tana raba kan masana ilimin halayyar ɗan Adam: shin tunawa hali ne da ake gani a zahiri, ko aiki ne da ƙwaƙwalwa ke yi a ɓoye?

A 1913 wani masani Ba'amurke, John Watson, ya ce wannan ilimi ya tsaya ga abin da ido ke iya gani a auna. A wurin mabiyansa, tunawa amsa ce kawai da mutum ya saba bayarwa saboda maimaici da lada ko horo. Wannan ra'ayi ya yi tashe shekaru da dama.

Labarin wani majiyyaci ne ya taimaka wajen girgiza shi. A 1953 aka yi wa Henry Molaison tiyata a Amurka saboda farfaɗiya, aka cire masa wani sashe na can cikin ƙwaƙwalwa. Daga nan ya daina riƙe sabon abin da ya faru da shi. Masaniya Brenda Milner ta riƙa sa shi bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi. Kullum hannun na ƙara ƙwarewa, amma shi bai tuna ya taɓa yin aikin ba. Ashe abin da jiki ke nunawa daban, abin da mutum ke sane ya riƙe daban.

A ganina hujja ta fi ƙarfi a nan: tunawa aikin ƙwaƙwalwa ne mai matakai, wato ɗauka, adanawa da fitarwa. Biya karatu gaban malam mataki na ƙarshe ne kaɗai. Yaro zai iya riƙe darasi tsoro ya hana shi fito da shi, wani kuma ya rero shi tiryan-tiryan bai fahimci ko kalma ɗaya ba, musamman idan da Faransanci ne da ba ya ji a gida.

Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka yi a zama guda. Alarammomin tsangaya sun daɗe a kan wannan hanya: gardi ba ya barin tilawa don ya wanke allo.

Saboda haka malamai da iyaye, musamman masu 'ya'yan da ke shirin BEPC da BAC, mu sake lale. A rage karatun dare ɗaya, a yawaita bita da tambayar kai, a bar yaro ya ci ya yi barci. Kafin a ɗaga bulala, a fara tambaya: a wane mataki karatun ya maƙale?