Lafiyar Iyali: In Hannun Hagu Ya Mutu

'Yan'uwa, a nan Unguwar Dosa mun saba, in hannun hagu ya mutu sai mu shafa man zafi mu kwanta. In danne shi muka yi cikin barci, yakan saki bayan 'yan mintoci. In yana yawan dawowa, wataƙila jijiyar wuya ce ta matse, ko ciwon sukari. Mu ga likita. Amma in ya zo farat ɗaya da ciwon ƙirji, zufa, karkacewar baki ko sarƙewar harshe, alamar ciwon zuciya ce ko shanyewar ɓarin jiki. Kada mu jira wayewar gari. Babban Asibitin Kawo yana kusa. Mu yi addu'a muna tafe, gama addu'a da likita ba kishiyoyi ba ne. Ubangiji ya kiyaye mu.