Fuskar Aro a Sararin Samaniya

Mai karatu, akwai manhajojin kwamfuta, irin su Celestia da Orbiter, masu kwaikwayon tafiya sararin samaniya, har ɗalibi ya kai ziyara watannin Zuhal da Mushtari yana zaune a ɗakinsa. Abin yabo ne, amma da sauran magana.

Alal misali, dubi Fibi, ƙaramin watan Zuhal, mai faɗin kusan kilomita 213, wanda ke kewayawa baibai, saɓanin manyan 'yan'uwansa. Kumbon Cassini ya gitta dab da shi a 2004, saboda haka mai zana ramukansa yana da hujja a hannu. Himaliya kuwa, na Mushtari, daga nisan miliyoyin kilomita kumbon ya hango shi a 2000, hoton bai wuce 'yan ɗigo-ɗigo ba. Duk manhajar da ta yi masa ramuka da tuddai, to, fuskar aro ta ba shi.

Ban ce a daina zanen ba, domin kumbon kwaikwayo yana bukatar wurin sauka. A ganina dai, wajibi ne masu manhaja su sa alama a jikin kowane wata, ɗalibi ya san wanne aka auna, wanne aka kintata.