Kafin A Kira Katafila

A hutun da ya wuce na kai ziyara ga wani yayana, ma'aikacin gwamnati, wanda ya tare a sabon gidansa a bayan gari. Na san filin nan tun yana daji. Akwai wata tsohuwar ɗorawa a tsakiyarsa, da kaɗanya biyu ta wajen yamma, da wani ɗan kwari wanda ruwan damina ke bi ya wuce abinsa. Ranar da takardar fili ta fito, abin da yayana ya fara yi shi ne hayar katafila. Kafin la'asar ta mai da wurin kamar tafin hannu. Aka cike kwarin, aka ja bulo, aka ɗora kwano, aka kafa manya-manyan tagogin gilashi suna duban yamma, domin ta nan titi yake. Gida ya yi kyau, kowa ya zo ya sa albarka. Amma daren da na kwana can, cikin watan Afrilu, a tsakar gida muka shimfiɗa tabarmi mu duka, gama ɗakunan sun zama tanda. Da damina kuwa, in ji uwargidansa, ruwan da aka tare wa hanya ta gindin katanga yake neman mafita.

Ban kawo wannan labari don in yi wa yayana dariya ba. Gumin shekaru ya zuba a ginin nan, har da bashin da ake cire masa daga albashi. Na kawo shi ne domin yawancin masu karanta wannan mujalla, ɗalibai da ƙananan ma'aikata, nan da 'yan shekaru za su tsaya inda ya tsaya, da takardar fili a hannu, a bakin wani daji da gari ya fara ci. Ra'ayina shi ne, duk wanda zai gina wa iyalinsa gida a irin wannan wuri, to ya shiga a matsayin baƙo, ya fara sanin halin wurin tukuna, sa'an nan ya sa a zana masa gidan da zai zauna lafiya da rana da iska da ruwa da itatuwan da ya tarar. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Don kada a ce mafarkin ɗalibi ne kurum, bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa inda aka daɗe ana fama da wannan tambaya, watau Ostareliya. Manyan biranenta suna kewaye da dajin itacen turare, wannan dai da muke gani an shuka a gandun daji da bakin hanyoyinmu, wanda asalinsa daga can ne. Mutanen ƙasar suna sha'awar zama a cikin dajin nan, kuma a cikin masu tsara musu gidaje babu wanda sunansa ya kai na Glenn Murcutt. An haife shi a 1936, ya yi yawancin aikinsa shi kaɗai ba tare da tarin ma'aikata ba, kuma a 2002 aka ba shi lambar Pritzker, wadda ake ɗauka ita ce babbar lambar girmamawa a fannin tsara gine-gine. Ƙa'idar da aka san shi da ita ita ce gini ya taɓa ƙasa a hankali.

Gidan da ake kira Ball-Eastaway, wanda ya tsara a Glenorie, arewa maso yamma da birnin Sidni, aka kuma gama shi a 1983, yana nuna abin da yake nufi. Wurin fa ne na dutse a tsakiyar itatuwa. Maimakon a fasa dutsen a baje shi, sai aka ɗora gidan bisa siraran ginshiƙan ƙarfe, ya zama ruwan sama yana bi ta ƙarƙashinsa ya gangara inda ya saba, iska ma haka. Wanda ya taɓa ganin rumbu a ƙauye, yadda ake ɗora shi a kan duwatsu saboda danshi da gara, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne kayan ginin: kwano ne, rufi da bango. Wannan kwanon da muke zargi da mai da ɗakunanmu tanda, shi ne Murcutt ya yi suna da shi.

To ina bambancin yake? Yana ga lissafin da ake yi kafin a buga ƙusa ko ɗaya. Sidni tana kudu da tsakiyar duniya, saboda haka rana ta arewa take bi musu, tana tashi sama ƙwarai da bazara, tana yin ƙasa-ƙasa lokacin sanyi. Murcutt yakan sa gida ya zama dogo siriri, ya buɗe fuskarsa ga arewa, ya auna tsawon bakin rufi daidai yadda zai tare ranar bazara amma ya bar ta hunturu ta shigo ta ɗumama ɗaki. Da yake gidan siriri ne, in an buɗe tagogi ta wannan gefe da wancan, iska ta ratsa ke nan. A ƙarƙashin kwanon akan sa abin da ke hana zafi sauka, a kuma bar wa iska mai zafi hanyar fita ta sama. Ruwan rufi kuwa ba a barinsa ya zube banza, a tanki ake tara shi. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar inji. Tunani suke bukata, da haƙurin zuwa fili sau da yawa a ga inda rana ke fitowa da inda iska ke kaɗawa.

Lalle akwai masu cewa zama a cikin itatuwa wasa ne da wuta, kuma maganarsu tana da nauyi. Ganyen turare yana da mai, ɓawonsa kuma in ya kama wuta iska takan ɗauke shi ta jefa can gaba da nisa. Ranar 7 ga Fabrairu 2009 gobarar daji ta kashe mutum 173 a jihar Biktoriya, ta cinye gidaje fiye da 2,000. A bazarar 2019 zuwa 2020 wata ta sake tashi a sassa da dama na ƙasar, ta lashe gidaje wajen 3,000. Wanda ya ji wannan zai iya cewa ashe katafilar yayana ta fi gaskiya.

Sai dai binciken da aka yi a kan gidajen da suka ƙone ya nuna cewa yawancinsu tartsatsi ne ya ci su. Garwashi yakan faɗa cikin busasshen ganyen da ya taru a magudanar rufi, ko ya kutsa ta wata 'yar kafa, ko ya shiga ƙarƙashin daɓen katako, wuta ta tashi daga nan. Saboda haka dokar ginin ƙasar ta raba filayen da ke kusa da daji zuwa matakai shida na haɗari, gwargwadon irin itatuwan wurin da kusancinsu da gangaren ƙasa, kowane mataki da irin kayan da aka yarda a yi gini da su da yadda za a toshe kafofi. Murcutt kansa ya sa wutar a cikin lissafinsa tun kafin waɗannan manyan gobara. A gidan Glenorie akwai bututai masu feshin ruwa a bisa gini. A gidan Simpson-Lee, wanda ya tsara a Mount Wilson aka gama a farkon shekarun 1990, akwai wani tafki da aka gina tsakanin sassan gidan biyu, yana tara ruwan sama, yana ƙawata wurin, ranar gobara kuma da shi za a jiƙa rufi. Duk da haka ba zan ɓoye ba, akwai wuraren da dabara ba ta isa. Hukumar da ta binciki gobarar 2009 ta ba da shawara a rahotonta na 2010 cewa a inda haɗari ya yi tsanani, gwamnati ta sayi filayen daga masu su in sun yarda, su koma wani wuri. Sanin halin wuri wani lokaci yakan kai mutum ga ya haƙura da gini a can ɗungum.

Suka ta biyu ita ce wannan harka ce ta masu hannu da shuni. Gaskiya ne, ba kowa ke iya ɗaukar mashahurin mai tsara gini ya zana masa gida nasa na kansa ba. Amma mu duba abin da ke cin kuɗi da abin da ba ya ci. Juya fuskar gida daga yamma zuwa kudu a kan takarda ba ya cin ko kwabo. Barin ɗorawa a tsaye ya fi sare ta araha. Ƙara tsawon bakin rufi 'yan fallayen kwano ne. Rufin da faɗinsa ya kai murabba'in mita 100, a inda ruwan shekara ya kai milimita 800, yana zubar da lita 80,000, watau cikin duro 400, kuma mai gidan yana nan yana sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Wanda ya ƙi yin lissafin nan ran gini zai biya shi duk wata, a kuɗin lantarki da man janareta da na'urar sanyaya ɗaki, har iyakar zamansa a gidan. Bugu da ƙari, yin siminti shi kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon (carbon dioxide) da ɗan Adam ke saki mai ɗumama duniya. Duk buhun da aka rage ta hanyar kyakkyawan tsari, an rage wa aljihu nauyi, an rage wa duniya.

A nan sai in ja kunnen 'yan'uwana, musamman masu karatun tsara gine-gine. Kada wani ya karanta wannan ya tafi ya kafa gidan kwano bisa ƙafafun ƙarfe a bayan Kano ya ce ya bi Murcutt. Zanen aro ba ya rufe katara. Akwai gidan da ya tsara a Yirrkala, can arewacin Ostareliya, ana kiransa Marika-Alderton, aka gama shi a 1994. Ba shi da gilashi ko ɗaya, bangonsa marufai ne na katako da ake ɗagawa, gidan ya buɗe kamar rumfa. Nisan Yirrkala daga tsakiyar duniya ta kudu kusan daidai yake da nisan Kano ta arewa, amma can bakin teku ne mai gumi, inda babban abin bukata shi ne iska ta yi ta ratsawa dare da rana. Mu namu zafin busasshe ne a yawancin shekara, rana ta ƙone, dare ya yi sanyi, ga ƙurar hunturu. Abin da ya dace da irin wannan yanayi shi ne bango mai kauri wanda zai sha zafin rana a hankali ya sake shi da dare, da tagogi madaidaita, da tsakar gida mai inuwa. Wannan kuwa shi ne ginin tubali da azara da maginanmu suka gada. Sun san ruwa da iska ta gabas suke dukan bango, shi ya sa suke ƙara masa kulawa da yaɓe da makuba. Sun san amfanin indararo mai jefa ruwa nesa da gindin gini. Abin da Murcutt ya yi a ƙasarsa, na tambayar wuri kafin a yi masa gini, su ma shi suke yi a tasu. Ginin ƙasa yana da nasa wahala, yana son gyara kusan duk shekara, kuma ba na cewa a koma masa ido rufe. Aikin masu ilmin zamani ne su gyara rauninsa, da harsashi mai ƙarfi da rufi mai faɗin baki da zai kāre bango daga ruwa.

Wutar daji ma ba labarin Ostareliya kaɗai ba ne. Duk wanda ya yi tafiya da rani ya ga yadda take cin ciyawa har bakin gonaki da gidaje. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mai gini a bakin daji ya bar manyan itatuwa masu inuwa, amma ya share busasshiyar ciyawa da ƙirare a kewayen gida, ya datse rassan da suka hau kan rufi, ya nisanta tarin kara da itacen girki daga jikin bango.

Shawarata ga wanda takardar filinsa ta fito ita ce ya jinkirta kiran katafila. Ya je filin da hantsi, ya koma da la'asar, ya tsaya ya ji inda rana ta fi duka. Ya je bayan an ɗauke ruwan sama ya ga hanyar da ruwa ya bi. Ya tambayi manomin da ke maƙwabtaka da wurin, domin ya fi kowace taswira sanin halinsa. Ya ƙidaya itatuwan da ke ciki ya sa su a cikin zanen gidan kamar yadda zai sa ɗakin uwargida da zaure. Ya sa dogayen bangaye su dubi kudu da arewa, gajerun su dubi gabas da yamma, ko da hakan zai sa ƙofar falo ba ta kalli titi ba. Hukumomin da ke raba filaye da masu ba da rancen gina gidaje su ma suna da abin yi, ko da kuwa sharaɗi ne cewa kada a sare babban itace sai da dalili.

Yayana ya shuka darbejiya huɗu a inda kaɗanyun nan suke dā. Kullum da yamma 'ya'yansa ke ba su ruwa, kuma ruwan saye ne. Ya ce da ni yana fata kafin babban ɗansa ya gama sakandare inuwarsu ta kai tagar falo.