Kafin Ku Sayi Amfilifaya

Iyayen yara sukan tare mu a ƙofar makaranta, suna tambaya wace amfilifaya mai araha za su haɗa da talabijin a falo. To, ga shawararmu.

Kada lambar nan da aka buga da manyan baƙaƙe a jikin kwali ta ruɗe ku. In kun ga wat 2000 PMPO, kurarin ɗan kasuwa ne. Ku nemi inda aka rubuta RMS, watau ƙarfin da take bayarwa ba yankewa. Wat 50 ga kowace lasifika ya ishi falo irin namu. Ko an ninka shi, ƙarar kaɗan take ƙaruwa, kuɗin ne yake hawa.

Ku duba bayan lasifikarku kuma. In om 4 aka rubuta, amfilifayar kuwa an yi ta domin om 8, za ta yi zafi, mai yiwuwa ta lalace.

Mai sayen ta hannu daga Amurka fa ya lura, wutarsu bolt 120 ce, tamu 230. Mu kanmu mun taɓa jona irinta ba taransifoma. Hayaƙi ya tashi, uwargida ta dube mu, ba ta ce uffan ba.