NOTI ƊAYA YAKAN KWANTAR DA MOTA

Duk wanda ya karkata daga hanyar Kano zuwa Zariya a Kwanar Dangora, ya nufi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa da duwatsun Riruwai, ya san kwalta ba ta kai wa kowane ƙauye. A irin wannan ƙasa Land Rover ta yi suna, tana ɗaukar malamin gona da na asibiti da buhunan masara. Amma kuma sau da yawa mukan ga irinta a bayan ofis, an ɗora ta bisa duwatsu, kaji suna ƙwai a cikinta. Ra'ayina shi ne, ba tsufa ke kashe yawancinsu ba, sakaci ne da gaggawa, kuma mu 'yan boko muna da kaso babba a laifin.

Tun da aka fara ƙera ta a Ingila a 1948, jikinta na alminiyom ne, ƙashin bayanta kuwa ƙarfe. In waɗannan biyu suka haɗu, ruwa ya shiga tsakani, sai ƙarfen ya ci alminiyom ɗin. Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, saboda haka takan cike haƙoran noti ta ɗaure shi tam. Kudancin Kano ya fi sauran jihar samun ruwan sama, don haka notin sifirin da ya sha taɓon damina goma ba ya kwancuwa da faɗa.

To, dubi yadda gogaggen bakanike ke yi. Da fari ya goge tsatsar da burushin waya, ya zuba kananzir ko man birki, ya bar shi ya kwana. Kashegari ya ɗan bubbuga da guduma, ya sa sifana mai zobe wadda ta yi daidai. Nan ake kuskure, domin tsofaffin motocin nan awon inci gare su. Rabin inci milimita 12.7 ne, in aka sa masa sifana mai lamba 13, sai ta sulle ta cinye kusurwoyin notin. Yakan ɗan ƙara ɗaurewa kaɗan kafin ya sassauta, gaba da baya, har tsatsar ta karye. In ya ƙi, sai a gasa notin da wutar walda don ya buɗe, amma da lura, gama a gajerun motocin tankin fetur yana ƙarƙashin kujera. In bolti ya karye, a liƙa wani noti a kan guntun da walda, a juyo shi.

Wannan ilmi ne, ko da ba a ba shi digiri. Amma sai ƙaramin ma'aikaci ya tsaya a kan bakanike yana duban agogo, yana cewa lalle yau za a gama. Yaron gareji ya zura bututu a sifana ya hau da ƙafa, bolti ya karye cikin injin, aikin kwana ɗaya ya koma na wata.

Wani zai ce a sayi sabuwa a huta. An daina ƙera tsohon samfurin Defender tun Janairun 2016, kuɗin sabuwar mota kuwa daga aljihun talakan da ke jiran magani zai fito. Giris na cokali ɗaya da za a shafa wa bolti ranar ɗaurawa ya fi wannan araha nesa.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, ku shiga gareji lokacin hutu, ku ce “Maigida, koya mini.” Ku kuwa da kuka kama aiki, ku ware kuɗin mai da giris, ku sa a wanke ƙarƙashin mota bayan damina, ku ba bakanike kwanan da ya nema. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Allah ya sa mu gane.