Shekara Nawa Ya Kamata a Sa Yaro Makarantar Boko?

A Ƙauyen Alu da Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin Tarauni, da gari ya waye akan ga 'yan yara, waɗansu ko shekara uku ba su cika ba, an rataya musu jaka an nufi makarantar kuɗi da su. Kowane uba yana so a ce ɗansa ya riga ɗan maƙwabci. Waɗansu har sukan roƙi malamai a tsallakar da yaro aji shida, ya wuce sakandare yana ɗan shekara tara.

To, ga inda gaggawar nan ta kai. A 2024 Ministan Ilmi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce ba mai shiga jami'a sai ya cika shekara 18. Jama'a suka yi ca. Wanda ya gaje shi, Dokta Tunji Alausa, ya mayar da ita 16. Duk da haka, yaron da ya gama sakandare yana 14, in ba mai hazaƙa ta daban ba ne, sai ya zauna gida shekara biyu. Sauri ya haifi nawa ke nan, ga kuɗi an kashe.

Ƙa'idar hukuma kuwa sananniya ce: shekara 6 ake shiga firamare. Dokar 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta.

Turawa ma sun saɓa a kan wannan. Ingila tana wajabta makaranta a shekara 5, Finland sai 7, kuma jinkirin bai mayar da 'ya'yan Finland baya ba. A Ingila shekarar karatu tana somawa a Satumba, watau wanda aka haifa a Agusta shi ne ƙaramin aji. Masu bincike sun tarar irin waɗannan yara sukan kasa tsararrakinsu a jarrabawa, sa'an nan sukan raina kansu. Ratar jarrabawa tana raguwa in sun girma, amma yaron da ya saba jin shi ne na baya, da wuya ya daure in karatu ya yi tsanani. A Denmark kuma an ga jinkirin shekara guda yana ƙara wa yaro natsuwa.

Malaman allo sun daɗe da sanin wannan. Ba su ƙidaya shekaru, fahimta suke dubawa. Yaro ba ya barin babbaƙu zuwa farfaru sai ya iya, ba a kuma wanke allo sai karatu ya zauna. Salla ma sai a shekara bakwai aka ce a umurci yaro da ita. Fatake kuwa sun san ba a ɗora wa ɗan jaki kayan uwarsa.

Amma fa jinkiri shi ma cuta ne. Yaron da aka bari a kasuwa, ko yarinyar da aka bari da talla har shekara goma, in an kai su aji ɗaya cikin ƙanana, kunya takan kore su. Tun 2019 Gwamnatin Kano ta shelanta ilmi kyauta kuma dole, saboda haka hujjar kuɗin makaranta ta ragu.

Abin da ya fi, yaro ya yi wasansa, ya soma allonsa kusa da gida, in ya cika shida a kai shi boko, kada kuma a tsallakar masa da aji. Allah ya shirya zuriya, amin.